Mai Jujin Jiragen Wasa

A bajekolin ƙananan jiragen ƙasa na wasa da ake yi a zauren wani coci a Ohio, taragan kowa sheƙi suke, ban da na dattijon da ke kusurwa. Shi juji ya gina a teburinsa: taragai duk sun lotse sun yi tsatsa, ga tulin ƙarafa cikin ciyawa. Tsatsar nan da hannu yake zuba ta, da garin jan alli da ɗan buroshi, har farcensa ya rine kamar mai lalle. Ba ya gaisuwa, sai harara. Loretta, mai teburin da ke gefensa, tana zaton a irin wannan juji ya ƙare ƙuruciyarsa, shi ya sa ya tsani sabon abu.

Ga wata 'yar kallo ta sunkuya, ta zaro hankici ta goge rufin tarago guda.

"Baba, ƙura ta cinye maka kaya."

Ya dubi robar da ta fito tana ƙyalli. "Sannu da aiki. Sharar gidanki ce ta ƙare?"

Ya ɗauki taragon da yatsa biyu, ya dire gaban Loretta.

"Ungo. Ya zama irin naku."