Limamin da tafireta ta lanƙwasa

Malam Isyaku Sharada akawu ne a masaƙar da na yi aiki a Bompai, a shekarun da kowa ke zuwa aiki a kan keke. Ɗan gidan malamai ne. Mahaifinsa ya so ya gaje shi a zaure, shi kuwa ya bi boko ya ƙare a gaban tafireta. Abin da ya rage masa na gadon gida shi ne limancin masallacinmu na ma'aikata, wata rumfar kwano a bayan sito. Wallahi wannan limanci ya fi masa komai a kamfanin.

Teburinsa ne ya cuce shi. Gajeren tebur ne, wani Bature ya tafi ya bari, ga Malam dogo. Shekara da shekaru yana duƙe a kansa, hanci na neman taya yatsu buga haruffa, har bayansa ya koma kamar lauje. In kun haɗu a hanya sai ka zaci rusuna maka ya yi, ka kama "haba Malam, ai ni ne da gaisuwa!"

To, injunan saƙa ba sa hutun azahar, ƙararsu ba ta bari a ji kabbara. Wanda ya makara sai dai ya hango liman ya san inda aka kai. Rannan Bala direba, sarkin makara, ya hango Malam a duƙe, ya sheƙo a guje ya faɗa ruku'u don kada raka'a ta wuce shi. Alhali bawan Allah ko Fatiha bai idar ba! Na kusa da Bala suka bi shi, rabin sahu ya duƙa. Bayan sallama aka kaure da gardama, har wasu suka sake sallarsu.

Da abin ya maimaitu, dattawa suka ce Uwaisu na sashen rini ya riƙa jan salla "kafin Malam ya ji sauƙi". Kowa ya noƙe, ni suka tura in faɗa masa, kuma har yau ina jin haushinsu. Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da buga takardarsa. Na ga idonsa ya kawo ruwa, raina ya ɓaci ƙwarai.

Maiɗakinsa Talatu 'yar Challawa ce, da tallar fura ta tashi. Shi da bakinsa ya ba mu labarin abin da ta ce: "Malam, ku gafarce ni, ni dai ban taɓa ganin mai tallar fura da ƙusumbi ba." Ta naɗa masa gammo, ta ɗora masa ƙwarya da ruwa, ta sa shi kai-komo a tsakar gida kullum da yamma. Ya ce makon farko rigunansa duk sun sha wanka.

Bai tsaya nan ba. A ofis ya sa bulo a ƙarƙashin ƙafafun tebur, ya cusa matashi a ƙugunsa, sannan ya ɗora 'yar tasa a kan hularsa yana aiki. Da ya fara duƙawa sai ka ji ƙwal a siminti. Manajanmu Ba'indiye ya leƙo sau ɗaya, ya dubi tasar, ya ja ƙofa a hankali ya tafi. Mu kuwa ba mu raga masa ba. In mun gifta taga sai mu ce, "Mai fura, akwai saura?" Ba ya ko juyowa, wuya a miƙe zai ce, "Ta ƙare, sai gobe."

Haka ya yi ta fama tun farkon damina har aka yi girbi, yana salla a bayan Uwaisu, yaron da a haife ya haife shi, bai taɓa fashi ba.

Wata Laraba aka tada iƙama, Uwaisu ya waiga ya dube shi sama da ƙasa, sai ya ja da baya ya ce, "Bismillah, Malam." Malam ya shiga lungun liman, ya miƙe sosai zai yi kabbara, sai ƙwam! Kansa ya daki kwano, hula ta faɗi. Ashe lokacin da aka yi lungun, a duƙe kafinta ya auna shi. Muka zuba ido mu ga ko zai sunkuya. Ina! Ya ja baya kaɗan, ya tsaya a wajen lungun kai ba hula, ya ja mu salla. Ina sahun gaba, na ji muryarsa tana rawa a kabbarar farko.

Ana yin sallama sai dariya ta ɓarke, har da shi, yana share ido da bakin riga.

Ran Asabar Bala da kansa ya zo da guduma da katako, muka ɗaga rufin lungun. Malam na tsaye a ƙasa yana kallo. Bala ya leƙo daga sama ya ce, "Ya isa haka, Malam?"

"Ƙara ɗagawa, Bala," in ji shi. "Ban gama miƙewa ba."