Sunana a Ƙarƙashin Kiɗan Ƙwarya

Teburina na gyaran agogo yana ƙarƙashin wata rumfar kwano, a bakin hanyar da ta fito daga tasha ta nufi unguwar Bolewa. Ƙaramin tebur ne, da akwatin gilashi a gaba inda nake jera agogunan da na gama. A shekarun casa'in, kafin wayar hannu ta kashe mana kasuwa, sai in yini a nan ban ɗaga kai ba. Direbobin tirela suna kawo nasu da baƙin mai ya shige, dillalan shanu suna kawo nasu da ƙaho ya fasa wa gilashi. Idan na buɗe bayan agogo nakan riƙe numfashi, don kada in hure wani ƙaramin ƙarfe ya ɓace a ƙasa.

Ina da wata tsohuwar rakoda a kan kanta, sama da kaina. Kaset ɗaya na fi sawa, na bikin ƙanwata da aka yi a rugarmu, can bayan Mamudo. Ɗan kawuna ne ya ajiye rakoda kusa da matan da ke kiɗan ƙwarya, mai sarewa yana gefe, sai ya tafi hidima ya manta da ita har kaset ya ƙare. Saboda haka komai ya shiga: waƙa, tari, kukan ɗan maraƙi, da hirar masu rabon abinci. Daminar da ta biyo bayan bikin Innata ta rasu.

Ni ne ɗan fari. A wurinmu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kunya ce. Tun ina yaro, in tana so na zo sai ta ce "kai", in tana maganata da wani sai ta ce "wancan". Da na koma gari na zama "mutumin gari". Ko a ciwonta na ƙarshe, da ta ga na daɗe a tsaye a kanta, sai ta kalli ƙanwata ta ce, "Ki ce wa wancan ya zauna." Ban taɓa jin haushi ba, haka na tashi na ga ana yi. Malamin firamare yana kiran sunana kowace safiya, kwastomomi suna kira, har yaran unguwa. Ita kaɗai ce ban taɓa ji a bakinta ba.

Wata rana ƙanwar tawa ta shigo gari awo, ta biyo ta wurina ta zauna a benci. Na sa mata kaset ɗin don ta tuna bikinta. Ana cikin kiɗa sai ta ɗaga hannu, ta kira ni yadda ake kiran yaya da Fillanci.

"Hamma, tsaya. Mayar da baya."

Na mayar. Ta karkata kai, ta rufe ido.

"Inna ce wannan, can ƙasa-ƙasa. Kuma wallahi kamar sunanka ta faɗa."

Na sake mayarwa, na manna kunne a jikin rakodar. Sifikarta ta daɗe da tsagewa, duk bugun ƙwarya sai ta yi zuu kamar ƙuda a cikin kwalba. Na ji muryar mace, na gane ta Inna ce, amma kalmomin sun narke a cikin zuu ɗin.

"Kin tabbata?"

"Ban rantse ba fa. Na ce kamar."

Wannan "kamar" ɗin ta hana ni sakat. Ni mutum ne da in na kulle teburina sai na dawo daga rabin hanya na sake jan kwaɗon. Na fara lissafin cewa duk mayarwar da nake yi zaren kaset yana ƙara sirancewa, kuma wata rana rakodar za ta tauna shi daidai wurin. Sai na cire shi, na naɗe a hankici, na ce ba zan ƙara sawa ba sai na sami sifika ta kirki.

Akwai wani mai gyaran rediyo a bayan tasha, Babarbare ne, dattijo mai tumbi da dariya. Tsakanin Barebari da Fulani akwai wasa tun kaka da kakanni, shi kuwa ya riƙe nasa da hannu biyu. Hausarsa ba ruwanta da bambance mace da namiji.

"A'a, bawana ya zo gaishe da ubangidansa! Ina ka baro mini shanuna?"

"Suna nan suna jiran ka biya kuɗin kiwo. Sifika nake so, mai kyau."

"Mai kyau? Zauna, Ɗan Fulani, yau za ka ga abin da ba ya cikin daji."

Ya jawo wani akwati da ya kai mini ƙugu, ya haɗa waya, ya sa wani kaset nasa. Da ya murɗa, sai da ƙusoshin da ke kan teburinsa suka fara rawa. Na ji bugun a haƙarƙarina. Mai shayin tsallake ya ɗago mana hannu.

"Ka ji ko?" Babarbaren ya yi ihu a kunnena. "Sifika ɗin nan, in ka kunna shi a nan, 'yan'uwanka a Mamudo za su fito rawa!"

Na matsa kusa don in ce ya rage, sai na ji hantsakin da ke aljihuna ya ja rigata ya manne a bayan akwatin. Na yi tsalle baya. A hannuna akwai agogon wani direba da na ɗaura don in ga ko yana tafiya daidai, kuma duk mai sana'armu ya san mayen ƙarfe shi ne ajalin agogo. In ya taɓa siririyar wayar da ke ciki, agogo sai ya riƙa gudu kamar an biyo shi. Na ɓoye hannuna a baya har ya kashe.

"Wannan ta yi mini yawa. Ina son wadda in ina zaune a tebur zan ji, wanda ke bakin hanya ba zai ji ba."

Ya dube ni kamar na ce a sayar mini da sa marar ƙaho da ƙafa. A garin nan a lokacin, kyan sifika shi ne ƙara. Masu shagon kaset gasa suke yi, masu biki suna haya, har mai sayar da maganin gargajiya yana da tasa a kan keke. Ba wanda ke zuwa neman wadda ba a ji.

"To rowar ce ta kai har ga kiɗa? Nono kun hana mu, yanzu kuma sauti? Kawo kaset ɗin in gwada maka a nan, mu ji wace ta dace."

"Ba za a sa shi a nan ba."

"Na budurwa ne?"

Yadda za a yi in bari a saki muryar Inna a bakin tasha, a gaban 'yan kamasho, tana faɗin abin da ta ɓoye duk rayuwarta, shi ne ban gani ba. Na ce masa ina zuwa, na tafi. Sai da na yi kwanaki ina jujjuya maganar kafin na koma, na same shi shi kaɗai, na faɗa masa gaskiya da ƙaramar murya.

Bai yi dariya ba. Ya ajiye ƙarfen dalmarsa, ya share hannu a riga.

"Allah ya jiƙan tsohuwa. To ai tun farko sai ka ce murya kake nema, ba ƙara ba."

Ya jawo wani kwali daga ƙarƙashin tebur, cike da sifiku tsirara, ba akwati. Ya ce manyan nan aikinsu ganga ne, su za su ƙara binne maganar a ƙarƙashin ƙwarya. Ƙananan nan kamar murfin kwalba kuwa, sai tsit-tsit, sarewa kawai za su ɗauko. Muryar mutum tana tsakiya, a wurin masu faɗin tafin hannu, irin waɗanda ake cirowa daga ƙofofin tsofaffin motoci.

Muka fara gwaji da wani kaset na hira da yake da shi. Ya haɗa ɗaya, ya rage sauti har ƙasa, ni kuma na zauna kamar yadda nake zama a teburina, na rufe ido. Wata tana magana kamar mai mura. Wata tana da kyau har sai mai maganar ya ɗaga murya, sannan ta karce. Kowace na ɗaga ta a rana in duba takardarta ko akwai huda, in danna ta a hankali da yatsa in ji ko tana gogar wani abu a ciki. Na sami ɗaya da ta kwanta mini, sai abokiyarta ta ƙi, muryarsu ba ɗaya ba. Na ce sai an samo 'yar'uwarta. Ya ce kunne ɗaya ai ya isa. Na ce Allah biyu ya ba ni.

Na yi ta zarya. Duk zuwan da na yi sai ya ce wa maƙwabtansa, "Ga mai duba haƙoran sifika nan ya dawo. Ko sa za ka saya ba ka yi masa wannan binciken." Ya taɓa miƙo mini abin sawa a kunne, ya ce wannan ya raba gardama. Na gwada, na cire. In na toshe kunnuwana, wa zai amsa sallamar mutane, kuma yaya zan ji kiran salla? Ga shi an ce yana kashe dodon kunne, ni kuwa da kunne nake cin abinci.

Daga ƙarshe ya je wurin masu fasa motoci da kansa, ya dawo da biyu daga mota ɗaya. Da ya haɗa su, mai hirar ya zama kamar yana zaune a gabana, har ana jin lokacin da yake haɗiye yawu. Wani kafinta ya yi musu ƙananan akwatuna, muka cusa auduga a ciki don kada katakon ya riƙa amsawa.

Saura wurin ajiyewa. Na ɗaura allura a zare, na riƙa matsar da ita kusa da kowace har in ga inda ta fara karkata, sai in yi alama da alli. Da na ga iyakar jan mayen ƙarfen, na ƙara taku a kai don hankalina ya kwanta. Muka rataye su a ginshiƙan rumfa, dama da hagu, daidai tsayin kunnena in ina zaune, fuskarsu tana kallona, nesa da akwatin gilashi. Ranar Juma'a ce da hantsi, hanya ba mutane sosai. Muka sa kaset ɗin hirar, na roƙi Babarbaren ya riƙa ja da baya yana saurare. Kafin ya kai bakin kwalta ya ce ba ya jin komai sai injin niƙa.

Na kwance hankicin. Na sa kaset ɗin a rakoda. Babarbaren ya tsaya har ya ji ƙwarya ta fara fita tas, ba zuu, ya gyaɗa kai.

"Ku Fulani ba ku san baƙo ba. Tun ɗazu ko goro. Bari in je in saya da kuɗina."

Ya tsallaka hanya, ya juya mini baya a wurin mai goro, ya kama ciniki kamar zai sayi huhu guda.

Na zauna tsakanin akwatunan biyu. Ban taɓa jin bikin nan haka ba. Na gane mai bugun ƙwaryar da ke dama, gwaggona ce, da zobenta da ke ƙwanƙwasa. Na ji iska tana kaɗa zana. Na ji ana kankare tukunya. Sai muryar Inna ta taso daga bayan masu kiɗa, da Fillanci, a gajiye, tana magana da masu rabon abinci. Ta faɗi sunana, cikakke, yadda liman ya raɗa shi.

Na kai hannu zan tsayar, sai wani tunani ya riƙe ni. Mu uku ne masu wannan suna a rugar, har da wani jariri. Na bar zaren ya ci gaba.

"Ku ajiye masa nasa daban," in ji ta. "Kada ku zuba masa man shanu, yana tayar masa da zuciya. Ba zai faɗa ba, ci zai yi ya je ya sha wahala."

A rugar nan kaf ni kaɗai ne man shanu bai karɓa ba. Ban taɓa gaya wa kowa ba, don abin dariya ne a ce Bafulatani ba ya shan man shanu. Ina ci ne in yi shiru, in zagaya bayan garke.

Na kashe rakodar. Na ɗauki wani agogo na sa madubi a ido kamar ina aiki, amma ban ga komai a ciki ba. Can Babarbaren ya dawo, ya ajiye mini goro ɗaya a kan gilashi. Bai tambaye ni abin da na ji ba. Ya duba wayoyin, ya ce kada in bari ruwan sama ya taɓa su, ya tafi yana cewa saura in kawo masa shanunsa.

Da ƙanwata ta sake shigowa gari, goye da jaririnta, na tashi na ba ta kujerata. Ta saurara har wurin ya wuce, ta share ido da bakin mayafi.

"To ka ji," ta ce. "Amma kada ka sa wa su Gwaggo. Kunya za su ji mata."

Na ce ba zan sa ba.