Gwangwanin Akawu

Shekarar da maigidana ya samu aiki a ma'aikatar ruwa a Haɗeja, har tafiyarsa sai da ta canja. Aka ba shi kaki da littafi mai baƙin bango, shi kuma ya sayi biro biyu ya soke a aljihun gaba, ɗaya ma ba ya rubutu. Aikinsa duba sandunan awo da aka kakkafa a bakin kogi, ya rubuta inda ruwa ya kai. Da rani babu abin dubawa sai yashi, saboda haka a ofis yake yini, daga ƙosai sai tsire, har tumbi ya fara rigima da maɓallin kaki. Da jiri ya soma ɗibarsa, likita ya ce ya rage ci.

Maƙwabciyarmu wata malama ce Kirista daga Filato, tana koyar da girki a makarantar 'yan mata. Da na kai mata kukana, sai ta shigo gidanmu da takarda mai layi uku. Ta ce ƙarfin da abinci ke ba jiki ana auna shi, sunansa kalori, kuma kowa da gwargwadon aikinsa. Layin farko na masu zaman kujera ne, na biyu na masu kai da kawo, na uku na leburori da manoma da masu fito.

"Malam, a wane layi za mu sa ka?" in ji ta.

Ya gyara zaman biro. "Haba Malama, ai tambayar ma ba ta taso ba. Ni akawu ne."

Ta ba ni ƙaramin gwangwanin madara: cikinsa ɗaya na shinkafa da rana, ɗaya na garin gero da yamma, a tukunyarsa ta daban. Na riƙe dokar nan kamar ni na kafa ta. Tumbi ya sauka, jiri ya tafi, ni da Malama muna ta yaba wa kanmu ta saman katanga.

Sai damina ta yi nisa, kogi ya ɓalle ya shanye fadama. Malam ya koma fita da keke bayan asuba, ya nufi sandunan da ke wajen Baturiya, sai magariba ya dawo. In na ce yaya aiki, ya ce, "An dai sha rubutu." Ya cinye ɗan tuwonsa, ya suɗe kwano tas, ya bi na yara da ido. Bel ɗinsa ya samu sabuwar huda, sannan wata. Ni kuwa gogar ban fasa awo ba.

Wata mai tallan kifi daga can wajen ce ta tona shi. Tana zuba mini tarwaɗa ta ce, "Mijin nan naki namiji ne. Mai tuƙa masa jirgi ya gudu gonar shinkafarsa, yanzu mijin naki da kansa ke tura kwalekwale da gora tun safe. Inda jirgi ba ya shiga kuma, ya ɗora keke a ka, ruwa har ƙirji."

Da yamma ina zuba masa ruwan wanke hannu, na kama tafinsa na juya. Duk ya farfashe. Kunya ta kama ni, tsoro ya biyo baya. Mutum yana aikin ƙato biyu, ni ina horar da shi da yunwa da hannuna.

Na ce, "Malam, a mayar da kai layi na uku."

Ya janye hannunsa. "Layin masu fito? Mahaifina da gora a hannu ya tsufa. Don kada in riƙe ta ya kai ni boko. Ki bar ni inda nake."

Na ajiye masa ɗan tuwonsa. Washegari na zayyana wa Malama. Ta yi dariya har da hawaye, sannan ta shiga ɗaki ta fito da gwangwanin madarar gari, ya yi uku na wancan.

"Ki bar shi a layinsa," in ji ta. "Gwangwani za ki canja."

Ranar na ajiye masa malmala biyu manya. Na ce, "Ga rabon akawu."

Ya dubi tuwo, ya dube ni. "Garin nan ya yi auki yau."

"Geron ne mai kyau."

Ya yi bisimilla. Haka muka zauna shekara da shekaru: da rani ƙaramin gwangwani, da ruwa ya cika fadama babba. Bai taɓa tambaya ba, ni ma ban taɓa faɗa ba.

Daminar farko bayan ya yi ritaya, gwiwoyi sun ƙi, yana zaune a kujera bakin madafa yana kallon ruwa na zuba daga indararo. Hannuna ya kai kan babban gwangwanin kamar kullum.

"Uwargida, ajiye wannan," in ji shi. "Ɗauko ƙaramin. Yanzu kam akawun na gaske ne."

Zuciyata ta karye, don na fi son mai gorar nan da ke dawo mini jiƙe sharkaf yana ƙaryar rubutu. Na auna da ƙaramin yana kallo. Da ya kau da kai, na ƙara rabi.