Ranar da Rumbun Baba Ya Yi Atishawa

Har yau in na ga tsani, sai rumbun Baba ya faɗo mini a rai.

Ina lise, babbar sakandare, a Konni, mushenmu mai koyar da Ingilishi ya riƙa ara mini tsofaffin littattafan hikayar Turawan Ingila, masu kauri, takardarsu ta yi ja. Kusan duk abu guda ne: babban gida, maigida mai shiru-shiru, da wani ɗaki da ba a buɗewa. Dariya nake musu. Mu a Bazaga ina muka ga ɗakin ɓoyo? Ko tari ka yi, sai maƙwabci ya ce sannu.

Da hutu na koma gida da guda ɗaya. Ba wurin karatu, don da na buɗe shi sai Inna ta tuna da daka. Wata rana da azahar na ga tsani jingine da rumbun Baba. A gidanmu mace ba ta leƙa rumbu, maigida kaɗai ke hawa ya fiddo dami. Kullum kuwa cewa yake, “Hatsi har wuya.” Na ce to, in zauna bisa dammunan in sha karatu, ba mai nemana.

Na ɗaga murfi, na zura ƙafa, na saki jiki.

Ban tsaya ba sai ƙasa. Hatsin da ya rage ko gwiwa bai kai ba, ga damina da saura. Duhu, zafi, wani abu na gudu bisa ƙafata, bakin rumbun can sama kamar faifai. Na buɗe baki zan yi ihu, sai na tuna: duk wanda ya leƙo don ya cece ni, asirin Baba zai gani. Na toshe bakina da littafin.

Ƙaiƙayi ne ya tona ni. Na yi atishawa, kuma don sabo na ce alhamdulillahi.

Goggo, yayar Baba, tana sheƙa a gindin rumbun. Na ji faifai ya faɗi.

“A'uzubillahi! Rumbu na atishawa! Tun bara nike ce muku akwai aljani ciki. Ke, kawo garwashi da barkono!”

“Yaya, a jira Malam dai,” in ji Inna.

“A jira har shi cinye hatsin?”

Ƙamshin barkono ya fara iso ni lokacin da na ji muryar Baba ya dawo daga masallaci. Tsani ya yi ƙara. Kansa ya toshe hasken. Ya dube ni, ya dubi ƙasan rumbun, ya daɗe.

“Mussa ce, ta biyo ɓera,” ya ce musu.

“Mussa da alhamdulillahi?” in ji Goggo.

“Ta gidan malamai ce, Yaya. Ku shiga ɗaka, ba ta fita in ana kallo.”

Ya ziro igiyar guga ya jawo ni. A bisa tsani ya yi ƙasa da murya.

“Mi kig gani ciki?”

“Duhu, Baba.”

“Madalla. Shi wannan littafi da yas sa ki, mi yac ce?”

“Wai kowane gida da ɗakin da ba a buɗewa.”

Ya mai da murfin ya danne. “Ashe Turawa ma sun yi noma.”

Da la'asar Inna ta zaunar da ni tsakanin ƙafafunta, tana tsince ƙaiƙayi daga kitsona, ɗaya bayan ɗaya. Ba ta tambaye ni inda na kwaso shi ba. Da ta tashi auna hatsin tuwo, na ga ta rage kan tiya da gefen hannunta, kamar wadda ta saba.