Kafinta da Gogen Ablakash

Shekarun baya, ba masu yawa ba, don a lokacin haƙoran nan da kuke gani a hotona sun riga sun zama na saye, na aikata wani abu da har yau abokan shan shayina ba su gama yafe min ba. Na sayi abin kiɗa. Ina da jikoki tara a lokacin. Ku gyara zama, ba zan taƙaita ba.

Ni kafinta ne. Aji huɗu na yi a makaranta mahaifina ya ce ilimin ya isa haka, ya kai ni warsha, wato shagon kafintoci, a unguwar Sultana nan Madina, inda na yi sama da shekara arba'in ina yin ƙofofi da tagogi. Da gwiwa ta fara ƙara sai na miƙa wa ɗana mabuɗi, na koma gida unguwar Harra ta Yamma ina damun uwargida. Amma in aikin wani babban mutum ne da ake jin kunyarsa, ni ake turawa.

A irin wannan aikin na san abokina likita. Bazazzagi ne, an dawo da shi Madina daga Jidda a lokacin sanyi, ƙofar kabad ɗinsa ta ƙi rufuwa. Ina durƙushe ina kwance kusoshi sai na hango wani abu jingine a lungu, jajaja, mai ƙugu, tsayinsa ya kusa kafaɗata.

"Dakta, wannan fa? Goge ne ya sami wurin kiwo?"

Ya yi dariya. Usta yake ce min, yadda ake kiran gwanin sana'a a nan. "Celo sunansa, Usta. Tun ina ɗalibi a waje na koya."

Ya zauna, ya sa shi tsakanin gwiwoyinsa, ya ja baka a kan tsirkiya mafi kauri. Jama'a, sautin nan ba ta kunne ya shige ni ba. Ta ƙasa ya biyo, ya hau ƙafata, ya zauna a ƙirji. Haka muryar mahaifina take in yana magana shi kaɗai yana fere katako, kuma ban ƙara jin ta ba tun ranar da muka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Na gama ƙofar da ƙyar. Kusa ɗaya ma a aljihuna na same ta da na koma gida.

Sati biyu ina zagaye-zagaye kafin na faɗa wa uwargida ina son in sayi irinsa. Tana tsince shinkafa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, shekararka sittin da biyar."

"Da huɗu."

"Keken motsa jikin da ka sayo yana can muna shanya tawul a kai." Ta watsar da wani ɗan dutse. "To, na ji. Amma sau ɗaya ne, kuma da abin da ke aljihunka. In ya lalace, kada in ƙara jin zancen. Sai in sami wurin rataye mayafi."

Ɗana kuwa, da Hausa na yi masa magana, da Larabci ya amsa kamar kullum: "Ya abuya, me mutane za su ce?" Na ce masa mutane sun gama cewa tun ranar da ya fara yi musu ƙofofin ablakash. Wani abokin shayi ya tuna min maganar malamai a kan kiɗa. Na ce na sani, wasu sun tsananta wasu sun sassauta, ni da aji huɗu ba zan raba musu gardama ba. Zan rufe tagata, in an kira salla kuma zan riga shi sahu.

Dole in tsaya in yi muku bayanin ablakash, don masu karatun jami'a da ke cikinku. Siraran katako ne kamar takarda ake liƙawa, wannan a tsaye wannan a kwance, a matse, a shafa masa fenti ya fito kamar ɗan gidan mutunci. Ni duk Sultana an san ni da ƙinsa. Na taɓa korar mai kuɗi daga warsha saboda ya ce in yi masa ƙofar gida da shi. Katakon munafukai nake ce masa, a gaban kowa.

Wata Asabar likita ya ɗauke ni a motarsa muka tafi Jidda. Mai shagon wani Bamisire ne mai zaƙin baki. Da ya gan mu sai ya kama hannun likita, ni kuma ya nuna min kujera, ya ɗauka rakiya na yi. Da aka ce masa tsohon ne zai koya, ya haɗiye dariyarsa da kyau, Allah ya saka masa.

Ya fara fito da na Turai. Da na ji kuɗinsa na tambaye shi ko da mota ake bayarwa. Ya mayar, ya kawo na tsakiya, katako zalla, gaba da baya. Aljihuna zai iya, amma sai ya yi kuka. Likita ya ja shi sau biyu ya lumshe ido.

"Usta, wannan. Kada ka duba wani. Irin nawa ne."

Gaskiya murya gare shi. Na shafa bayansa, jijiyar katakon a miƙe, aikin wanda ya san aiki. Zuciyata ta riga ta ɗauke shi ta sa a mota. Sai na ji rigata ta manne min a baya saboda laimar Jidda, alhali mukayyif na ta hura sanyi a shagon. Nan hankalina ya dawo.

"Waɗancan na bayan labule fa?"

"Ya hajj, na 'yan makaranta ne. Ba su dace da kai ba."

Na ce ya kawo. Guda uku ne. Na kunna fitilar waya na leƙa ta tsagar da ke cikin na farko, na duba bakin katakon. Layi uku, kamar gurasa da nama a tsaka. Ablakash. Na ɗago na kalli likita, shi ma ya gane daga fuskata.

"Ka gani ko? Kai da kanka ka ce katakon munafukai ne."

"Na faɗa, kuma ban janye ba. Dakta, me ya sami ƙofar kabad ɗinka?"

"Ta kwance."

"Ba kwancewa ta yi ba, ƙishirwa ta ji. A nan aka yi ta, ta sha laimar teku ta ƙoshi, kuka kai ta Madina iska ta tsotse ta. Katako zalla yana numfashi, ya kumbura ya tsuke. Shekara arba'in ina cin abinci da ƙofofin da aka yo a Jidda. Wannan munafukin kuwa an ɗaure shi ta kowane ɓangare, ba shi da inda zai motsa. Ko a Khaibar ka ajiye shi tsakar rana sai dai fentin ya ji jiki."

"Usta, wannan ba ƙofa ba ce. Kayan kiɗa ne."

"Itacen bai san haka ba."

Na sa Bamisiren ya jera min su a kan tebur. Na runtse ido ɗaya na duba wuyan kowanne kamar yadda ake duba katako kafin a yanka. Na farko ya karkata hagu. Na biyu gam ya zubo a cikinsa kamar an yi aikin ana fushi. Na ukun a miƙe yake, haɗinsa tsaf. Na ƙwanƙwasa shi ko'ina da gaɓar yatsa har mai shago ya ce ba kankana ba ce, ya hajj. Shi na saya. Likita ya lura tsirkiyoyin sun yi sama da yawa, za su yanka min yatsa, ya sa aka sauko da su kafin mu tafi. Wannan kam ban sani ba, na ba shi nasa. Amma duk hanyar dawowa bai saki fuska ba sai da muka tsaya salla.

Daga nan aka shiga wahala. Duk Juma'a bayan la'asar likita ya zo ya koya min riƙon baka. Sautin da nake fitarwa, in kun taɓa jin ana jan kabad a kan tayil, to ku ƙara masa mura. Kyanwar maƙwabta ta daina zuwa. Abokan shayi suka ji labarin, suka sa min suna Sarkin Ablakash, wani har tashi yake in na iso. Uwargida kuwa in ta wuce takan tsaya ta kalli wuyan abin, kamar mai auna mayafi nawa zai ɗauka.

Zan gaya muku abin da ban gaya wa kowa ba a lokacin. Na fara zargin katakon. Duk ƙarar da ya yi sai in ce a raina, ga shi nan, ka ƙi ji, ka sayi arha ka kashe murya. Kullum da safe in duba haɗinsa, rabin zuciyata na tsoron ya tsage, rabin kuma na so ya tsage in huta.

Zafi ya shigo, irin wanda in ka taɓa ƙofar mota sai ka yi salati. Wata Juma'a likita ya zo a makare, kuma da nasa celon a kafaɗa. Bai zauna ba. Ya buɗe jaka ya juya min bayan abin. Haɗin ƙasa ya buɗe baki, har ana iya zura farce, in ya ja tsirkiya sai ya yi zuuu kamar ƙuda a kwalba.

"Usta."

"Na'am, Dakta."

"Kada ka ce komai."

"Ni? Ai ni ɗan aji huɗu ne."

Na duba, Allah ya taimake shi gam ne ya saki, katakon bai tsage ba. Na ɗauko gam ɗin fata irin na dā wanda ake dafawa, na dafa shi a tukunyar shayin uwargida ba tare da izini ba, na zura masa da siririn ƙarfe, na matse a hankali da tsumma a tsakani. Na ce kwana biyu ba mai taɓa shi, kuma daga yau ya riƙa ajiye jiƙaƙƙen soso a cikin jakar.

"To yau me zan kaɗa?"

Na nuna masa nawa da haɓa. Tun daga shago bai taɓa jansa da gaske ba, sai dai ya gyara min hannu. Ya ɗauka kamar wanda aka ba aron takalmi, ya ɗaure tsirkiya, ya ja.

Ɗakin ya cika. Bai kai nasa zurfi ba, ba zan yi muku ƙarya ba, amma murya ce cikakkiya mai ɗumi, ba ƙara ba mura. Uwargida ta fito daga kicin da ludayi a hannu, ta tsaya bakin ƙofa har ya gama. Ta kalli abin, ta kalle ni.

"Ashe shi lafiyarsa lau."

Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Hannuna aka zaga, amma idona aka yaba, kuma kafinta da ido yake taƙama. Hannu ai a makare ya shiga makaranta.

Yau shekara biyar ke nan yana nan lungun falo, ko gashi bai buɗe ba. Na iya waƙa huɗu, biyu daga ciki ana gane su. Abin da na koya shi ne, in za ka fara abu da furfura, kada ka sayi wanda zai burge malaminka. Ka sayi wanda zai jure garinku, ya jure ka, har hannunka ya iso inda yake jira. Kuma ka yi amfani da ɗan abin da ka sani, ko da a gaban masu digiri ne.

Ƙofar ablakash kuwa har gobe ba na yi. Kada wani ya turo min saƙo.