Fedar Maman Fure

Duk wanda ya zauna ya tsara yadda ake rubuta wa kwamfuta umarni, na rantse hannu biyu gare shi lafiyayyu, kuma bai taɓa kawowa a ransa akwai ɗan Adam da ba haka yake ba. Ni mai gyaran waya ne a bakin kasuwar Kontagora, Dogo ake ce mini. Da can babu ruwana da waɗannan mutane. Maman Fure ce ta sa yanzu ko labarinsu na ji sai raina ya ɓaci.

Sunanta Jemimah, 'yar Dukku ce ta wajen Rijau. Aure ya kawo ta gari, ta kama shago jikin nawa, bango ɗaya ya raba mu shekara goma sha ɗaya. Tela ce ta gasken gaske. Za ta kalli mace sau ɗaya ta faɗi faɗin kafaɗarta, a sa tef a tarar haka ne. Matan coci da matan Islamiyya duk wurinta suke layi in biki ya matso. Ga faɗa kuma. In kika kawo yadi kika ce gobe kike so, za ta ce ki ɗauki abinki tun ba ki zauna ba.

Shekara uku da suka wuce ta je gida girbi. A hanyar dawowa babur ɗin da ya ɗauko ta ya kauce wa rami ya faɗa wani. Ta tashi da ranta, amma hannun dama ya shanye daga gwiwa zuwa yatsu. Yana nan, ba a yanke ba, sai dai ko allura ba ya riƙewa, balle almakashi. Masu layi suka watse ɗaya bayan ɗaya, kowace da "Allah ya ƙara sauƙi" a baki da yadinta a hammata zuwa wani shago. Maman Fure ta koma facin wando da ninke bakin zani, abin da a da ko kallo ba ta yi.

Ana haka wata cibiyar koyon kwamfuta a cikin gari ta sanar za ta koyar da rubuta manhaja na wata tara. A ƙarshe wani kamfani na Abuja zai zo ya yi jarrabawa, ya ɗauki mutum uku aiki, kowa ya yi daga gidansa. Ta leƙo teburina da takardar sanarwar a hannun hagu.

"Dogo, aikin nan a zaune ake yin sa, ko?"

"A zaune, Maman Fure."

"To ni na ƙware a zama."

Na yi dariya, ita ba ta yi ba. Shekararta talatin da takwas, rabonta da aji tun sakandare, amma ta shiga. Wannan aiki shi ne ƙofa ɗaya da ta ga za ta fitar da ita daga faci, kuma ta faɗa mini haka da bakinta.

Kan nata ba shi da matsala. Malam Salahuddeen, mai koyar da su, ya ce ta riga yaran jami'a gane abin. Ita cewa take kod, wato rubutun manhajar, tamkar ɗinki ne kawai: ka yanka gunduwa-gunduwa, ka haɗa, in ya karkace ka farke. Kayan aikin ne suka zame mata ƙarfen ƙafa. A rubutu na yau da kullum sau ɗaya kake neman babban baƙi a jimla. A kod kuwa kowane layi cike yake da baka, da ruwa biyu, da alamar zance, kuma kusan kowannensu sai ka danne maɓallin shif da yatsa ɗaya ka buga da wani. Edita, wato manhajar da ake rubutun a cikinta, ita kuma umarninta sai an danna maɓalli uku lokaci guda, wani a wannan gefen kibod, wani a wancan. Na ga matar nan tana miƙa yatsu biyar har jijiyar wuyan hannunta ta tashi, don kawai ta buɗe baka.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne surutun editar. Da yake a hankali take bugawa, kafin ta kai rabin layi an ja mata jan layi a ƙasa, akwatin shawara ya faɗo ya rufe abin da take rubutawa. Ta ce da ni, "Wa ya taɓa gwada wa mutum riga tana ƙarƙashin allura? Kamar mai yadi ce ta tsaya a kaina tana cewa ba hannu, ba wuya. Na sani ba hannu! Ai ban gama ba!"

Malam ya nuna mata wani saiti da shif ke maƙalewa in an danna shi sau ɗaya. Ya rage zafi, amma ya ninka bugu. Ta ce wannan zuwa rijiya sau biyu ne don guga ɗaya.

Wata ranar Laraba da azahar tana zaune a bencina da kwamfutar da cibiyar ta ara mata, sai ta dakata ta kalli ƙasa.

"Dogo, me ya sa aka ɗora wa hannu komai? Ƙafafun fa? Ga su can a ƙasa suna hutawa. A keken ɗinki hannu na jan yadi, ƙafa na tuƙi, ba mai jiran wani."

Washegari ta sa aka kwance fedar kekenta, wannan faffaɗan ƙarfen da tela ke takawa, aka dire mini a gaban tebur. Na ce da me za ki yi facin? Ta ce faci ya jira. Na samo wani mataccen kibod na cire allon cikinsa, na ja waya zuwa ƙananan makunnai biyu, na ɗaure su a ƙarƙashin fedar. In ta taka da yatsun ƙafa, shif ke nan. In ta mayar da nauyi kan dunduniya, kontorol, maɓallin ba edita umarni. Aikin kwana biyu ne, kuma ni da ban wuce sakandare ba na yi shi. Wannan ne ke ci mini rai har yau: abin da mai gyaran waya ya haɗa da tarkace, masu digiri a ƙasashen da ake ƙera kayan ba su ga ya dace su sa shi a gaba ba.

Daga nan ta shiga gyaran editar kanta. Ta sa Malam ya taya ta kashe akwatin shawara, jan layi kuma ba ya fitowa sai ta kira shi. Ta kawo dabarar teloli ta kwali, irin wanda ake yankawa a rataye a ƙusa don kada kullum a sake awo. Duk wani tsarin kod da ake maimaitawa ta ajiye shi da suna: wannan "wuya", wannan "aljihu", wancan "zip". Ta buga kalmar, gangar jikin ta fito, ita ta cike ciki. Cikin wata biyu ta wuce rabin ajin sauri. Masu hannu biyu ma suka riƙa roƙon ta ba su su taka, su ji daɗi, su koma kan nasu kibod suna kukan ciwon ɗan ƙaramin yatsa.

Kuskuren da ya rusa komai namu ne na gida, ba zan ɗora wa baƙi shi ba. A nan in fom ya zo, malami ke cike wa kowa don kada wani ya ɓata. A fom ɗin kamfanin akwai wurin da aka tambaya ko mai jarrabawa na da wata buƙata ta musamman. Malam Salahuddeen ya rubuta babu. Bai tambaye ta ba. Ya san halin ƙasarmu, in aka ga naƙasa a takarda, takardar ƙasan tari take komawa. A ganinsa rufa mata asiri ya yi. Ita kuma kullum hannun na cikin gyale, ko a hoton fom ba a gan shi ba.

Ranar jarrabawa ni na ɗauko fedar a Keke Napep, don ƙarfe ne mai nauyi. Kamfanin ya turo wata Hajiya Lubna da kwamfutoci ashirin nasu, duk a kulle, ba a taɓa saiti. Tana ganina da ƙarfe da waya na reto ta tare ƙofa.

"Malam, wannan fa?"

Maman Fure ta yi mata bayani, har ta zame gyale ta nuna hannun, abin da ban taɓa ganin ta yi wa baƙo ba.

Hajiya ta duba takarda. "Madam, nan an rubuta ba ki da wata buƙata. Dokarmu ba a jona komai a jikin kwamfuta. An sha yi mana satar amsa ta nan."

Malam Salahuddeen ya matso yana gumi, ya ce laifinsa ne, a hukunta shi. Ta ce da an rubuta, da tun mako biyu an nemi izini. Na ce Hajiya ki ba ni sukundireba in buɗe miki ki gani, makunni biyu ne, wace amsa za ta ɓoye a cikin makunni? Ta ce ita ba injiniya ba ce. Ta buga waya Abuja, a gabanmu, ba zan yi mata ƙarya ba. Aka ce doka doka ce.

Aka jingine fedar a bakin ƙofa, ni na tsaya ta taga. Tambaya biyar, awa ɗaya. Daga inda nake ina ganin allonta da ƙafarta. Wata shida ƙafar nan na aiki, ba ta san an kore ta ba. Sai ta taka siminti, ta buga maɓalli, lamba tara ta fito a inda baka ya kamata ya fito. Ta goge, ta miƙa yatsu, ta gyara. Layi na gaba ƙafar ta sake takawa. Jan layi ya cika allon, akwatin shawara na faɗowa yana rufe mata ido. Wallahi kamar in shiga in ɗaga kwamfutar in maka ta da ƙasa.

Ta gama biyu, ta uku ta tsaya a rabi. Biyun nan babu kuskure ko ɗaya, Hajiya da kanta ta faɗa. Amma waɗanda aka ɗauka huɗu-huɗu suka yi, kuma biyu daga cikinsu a bencina Maman Fure ta koya musu abin da ya shige musu duhu.

Da la'asar, an gama kiran sunaye, na sunkuya zan ɗauki ƙarfen, sai ga Hajiya da murmushi da wayarta a hannu. Ta ce gaskiya abin ya burge ta, irin wannan basira suke son nunawa a rahotonsu. Ko Madam za ta zauna ta ɗora ƙafa a ɗauki hoto? In ba damuwa a ɗan janye gyalen, don hannun ya fito, labarin ya fi shiga rai.

Maman Fure ta kalle ta daga sama har ƙasa, irin kallon awo.

"Hajiya, da safe kin ce kada ya shiga ɗaki. Yanzu shi za ki kai Abuja, ni in zauna a Kontagora?"

Ta juya ta tafi. Ƙarfe kuwa ba shi da bakin cewa a'a, kafin in ɗaga shi an ɗauke shi hoto sau uku. Bayan wata guda Malam ya nuna mini a shafin kamfanin: ga fedar, ga wayoyina, ga dogon Turanci a kan hazaƙar mutanen karkara. Babu sunanta. Tir da wannan hali.

Malam ya zo shago sau biyu yana ba da haƙuri, ya ce baɗi za a sake, shi da kansa zai rubuta gaskiya a fom. Ta ce ta yafe masa, kuma na san har zuciya ta yafe. Amma cibiyar ta karɓi kwamfutarta don sababbin ɗalibai, kwalayenta na "wuya" da "aljihu" duk suna ciki, aka goge don a ba wani.

Ranar Litinin da ta wuce ta jawo fedar zuwa gaban teburina.

"Dogo, cire wayoyin nan."

"Maman Fure, a bari zuwa baɗi mana. Me ake ci na gaggawa?"

"Makaranta za ta buɗe. Wando takwas aka kawo mini faci."

Na kunna ƙarfen dalma na narkar da dalmar na cire su, ko minti biyar ban yi ba. Na miƙe zan kai mata, ta ce in bar shi. Ta rungumi ƙarfen a ƙugu da hannun hagu, ta shiga shagonta.