Jirgin Baba da Man Shanu

Mun tashi da asuba daga Pleasant Garden, garin da muke zaune a ƙasar waje, ni da maigidana da Baba, da jirgin ƙasa kwance a bayan mota. Ƙaramin jirgi ne da Baba ya ƙera a gareji, kwaikwayon wani na Ingila na zamanin da, wanda iska ke turawa. Bututu ne a tsakanin dogo, a zuƙe iskar gabansa, ta baya ta ingiza jirgin. Tsagar da ke saman bututun kuwa da fata ake rufe ta.

Tun rasuwar Mama Baba bai leƙa ko'ina ba, magana ma sai ta kama dole. Da ƙyar ya yarda ya kai jirgin taron masu sha'awar jiragen ƙasa, can wani gari cikin duwatsu. Na san in ya ji kunya a wurin, ya koma garejin ke nan.

A titin Gate City Boulevard muka sha mai, tsadarsa ta sa maigida salati. Rana na ɗagawa, na'urar sanyaya motar ta ce ga garinku nan. Can sai ƙamshi ya cika motar, kai ka ce tuwo aka sauke.

"Baba, me ka shafa wa fatar nan?"

"Man shanu mana. Da me ake gyaran fata a Zariya?"

Na waiga, man ya narke yana ɗiga. Muka yi ta hawan duwatsu, hanya sai kwana.

A zauren taron tsofaffin Turawa suka kewaye mu. Baba ya kunna injin zuƙar iska. Jirgin ya ɗan motsa, iska ta yi fito ta gefen fatar, ya tsaya cik. Na jawo zane zan rufe abin, Baba ya riƙe ni.

"Kun gani?" ya ce musu da Turanci. "Haka na asalin ya mutu. Mai ya narke, fata ta lalace, iska ta tsere."

Suka matso, tambaya kan tambaya, har muryarsa ta dushe.

Mun iso gida da magariba. Tafiyar ta nuna mini tsoron nawa ne, ba nasa ba. Baba kuwa bai rufe baki ba tun daga duwatsu, ni da maigida ba wanda ya katse shi.